Yadda Ake Kula Da Misalai Da Darussan Qt Kafin Su Ruɓe A Hannun Mai Koyo

Tambayar da ta fi yawan zuwa mini daga masu rubuta darussan ƙera manhajar kwamfuta ita ce: na rubuta darasi, na saka misalai, komai yana aiki, bayan shekara ɗaya mutane suna cewa ba ya tashi, yaya zan yi? Wasu kuma sun gaji tarin misalan da wani ya bari, ba su san ta inda za su fara ba.

Zan yi bayanin da Qt, wato tarin kayan aikin da ake ƙera manhaja mai taga da maɓallai da shi, domin shi na fi riƙewa, amma zan riƙa taɓo takwaransa GTK a inda hanyar ta zo ɗaya. Abin da ya kamata ka riƙe tun daga nan shi ne, misalin da ba a harhaɗa shi (wato mayar da kod ɗinsa manhaja mai tashi) ana kunna shi a kai a kai, to lalacewa yake yi ko da ba wanda ya taɓa shi, saboda ƙasar da yake tsaye a kai tana motsi.

1. Fara da ƙirga abin da kake da shi

Kada ka gyara komai tukuna. Buɗe takarda ɗaya, ka jera kowane misali da kowane darasi a layi guda: sunansa, abin da yake koyarwa, sigar Qt da aka rubuta shi da ita, da ko yana harhaɗuwa a yau. Amsar ta ƙarshe ba da ka ake bayarwa ba, sai ka gwada.

Za ka tarar da kashi uku. Akwai masu aiki, akwai waɗanda suka karye amma suna da amfani, akwai kuma waɗanda ko sun tashi ba sa koyar da abin da ake yi yanzu. Wannan kashi na uku ka goge shi. Mutane suna jin nauyin gogewa, suna cewa da tsohuwar zuma ake magani, amma misalin da ke koyar da `QRegExp` ba magani ba ne, domin an cire shi daga zuciyar Qt 6, an tura shi wani ɓangare na daban mai suna Qt5Compat, kuma `QRegularExpression` ne ya gaje shi. Duk misalin da ka bari, kai za ka riƙa ciyar da shi.

Hattara: kafin ka goge, duba ko akwai darasin da ke nuni zuwa gare shi. Goge fayil ka bar mahaɗin da ke kai mutum ga shafin da babu shi, ka ƙara wa kanka aiki ne kawai.

2. Yanke sigar da kake goyon baya, ka rubuta ta a fili

Qt 6.0 ya fito a Disambar 2020, a wata ɗaya da GTK 4.0, kuma har yanzu intanet cike take da darussan Qt 5 da GTK 3 da ba su faɗi sigarsu ba. Mai koyo bai san akwai bambanci ba, ya kwafa, ya ga jan rubutu, ya ɗauka shi ne bai iya ba.

Zaɓi mafi ƙarancin siga ɗaya, ka rubuta ta a saman kowane darasi da kuma cikin fayil ɗin ginin. Ni na fi son in jingina da sigogin da ake yi wa doguwar kulawa, irin su 6.5 ko 6.8, domin sun fi daɗewa a kwamfutocin mutane. Idan dole ne ka ci gaba da riƙe Qt 5, ka ware masa reshensa daban a Git, manhajar da ke adana tarihin sauye-sauyen kod, ka rubuta a kansa cewa an daina ƙara masa sabon abu. Kada ka cika misali ɗaya da `#if QT_VERSION` don ya yi aiki a duka biyun. A manhajar gaske hakan daidai ne, amma a misalin koyarwa ya zama wa mai koyo kamar hanya mai rassa biyu ba alama.

3. Kowane misali ya tsaya da ƙafarsa

Gwajin yana da sauƙi: kwafi foldar misali ɗaya, ka kai ta wani wuri can daban a kwamfutarka, ka gina ta. Idan ta ƙi, to ta dogara da wani abu na waje, kuma haka za ta ƙi a hannun mai koyo, domin abin da zai fara yi ke nan. Kowace folda ta samu nata `CMakeLists.txt` cikakke, wato fayil ɗin da ke gaya wa manhajar gini ta CMake yadda za a gina misalin:

```
cmake_minimum_required(VERSION 3.16)
project(taga_ta_farko LANGUAGES CXX)
find_package(Qt6 6.5 REQUIRED COMPONENTS Widgets)
qt_standard_project_setup()
qt_add_executable(taga_ta_farko main.cpp)
target_link_libraries(taga_ta_farko PRIVATE Qt6::Widgets)
```

Layuka shida ne, kuma maimaita su a kowace folda ba laifi ba ne. Na san hannun mai shirya manhaja yana ƙaiƙayi idan ya ga maimaici, yana so ya tattara su a fayil guda a sama. Ka daure. Sai ka yi wani `CMakeLists.txt` a babbar folda wanda aikinsa kawai ya kira `add_subdirectory` a kan kowane misali, don ka gina su duka da umarni ɗaya.

Hattara: `qt_standard_project_setup` ya shigo ne a Qt 6.3. Idan ƙaramar sigarka ita ce 6.2, ba za a gane shi ba, sai dai ka kunna `CMAKE_AUTOMOC` da hannunka.

Hotuna da gumaka da sauran fayilolin da misalin ke buƙata, ka cusa su cikin manhajar ta tsarin albarkatun Qt, wato fayil ɗin `.qrc` ko `qt_add_resources`. A GTK kuma GResource ne ke wannan aiki. Misalin da ke neman `hotuna/guma.png` a gefensa zai yi aiki idan aka kunna shi daga foldarsa, ya fito da maɓalli fayau babu guma idan aka kunna shi daga wani wuri. Ka kuma lura da manya da ƙananan baƙaƙe a sunan fayil: Windows ba ya damuwa da bambancin `Guma.png` da `guma.png`, Linux kuwa fayiloli biyu yake gani.

4. Kada ka taɓa liƙa kod a cikin darasi da hannu

Idan mataki ɗaya kawai za ka ɗauka a wannan jagorar, to wannan ne.

Yadda yawanci ake yi, mutum ya rubuta misali, ya gwada, ya kwafi wani yanki ya liƙa a darasi. Daga wannan lokacin kod ɗin ya zama biyu. Wata uku a gaba a gyara na fayil, a manta da na darasi. Kwamfaila, wato manhajar da ke harhaɗa kod, tana duba na fayil, amma na darasi babu mai duba shi sai mai koyo, wanda shi ne mutum na ƙarshe da ya kamata ya gano kuskurenka. Na taɓa kwana biyu ina musu da wani mai koyo a kan cewa misalina yana aiki, ina gina shi a gabana yana tashi, shi kuma yana cewa ƙarya ne. Ashe mu biyun duk gaskiya muke faɗa. Ni fayil nake ginawa, shi daga shafin darasi yake kwafa, inda na bar `setMargin` da aka cire a Qt 6, alhali a fayil na daɗe da mayar da shi `setContentsMargins`.

Maganin shi ne darasi ya riƙa janyo kod kai tsaye daga fayil ɗin da ake ginawa. Ka sa alama a cikin kod:

```
//! [kirkiro-maballi]
auto *maballi = new QPushButton(tr("Ajiye"), this);
connect(maballi, &QPushButton::clicked, this, &Taga::ajiye);
//! [kirkiro-maballi]
```

Sai a darasin ka kira shi da sunansa. QDoc, wanda Qt ke rubuta nasa bayanan da shi, yana da umarnin `\snippet`, haka ma Doxygen. Idan da Sphinx kake aiki, wanda shi ma kayan aikin tsara bayanai ne, `literalinclude` ne tare da `:start-after:` da `:end-before:`, sai dai a nan ya fi kyau alamar farko da ta ƙarshe su bambanta, kamar `fara-maballi` da `karshe-maballi`.

Hattara: Sphinx yana ba ka damar janyo kod da lambar layi, ka ce daga layi na 12 zuwa na 20. Kada ka yi. Ranar da wani ya ƙara `#include` ɗaya a sama, duk yankunan sun goce da layi ɗaya, kuma babu kuskuren da zai fito ya gaya maka. Darasin zai ci gaba da ginuwa lafiya lau yana nuna rabin magana.

Wani abu kuma, alamomin su samu suna mai ma'ana. Idan ka sa musu 0, 1, 2, ranar da ka so cusa wani yanki a tsakiya za ka gane kurenka.

Akwai guntayen da ba su kai cikakken misali ba, layi uku don nuna wata dabara. Su ma ka tara su a fayil ɗaya da ake harhaɗawa ko da ba a kunna shi. Har ma umarnan da mai koyo zai buga a tasha, wato tagar buga umarni, idan da hali, su fito daga fayil ɗin da injin gwajinka ke amfani da shi.

5. Sa inji ya riƙa gina su

Ba za ka iya gina misalai talatin da hannu a kan Windows da macOS da Linux duk lokacin da aka taɓa wani abu ba, ko ka yi alkawari. GitHub Actions, tsarin da ke gina kod da kansa a kan injinan GitHub, yana ba da dukkan ukun, kuma kyauta ne ga ma'ajiyar kod da take a buɗe ga kowa. Ma'ajiyar sirri tana da iyakar mintuna a wata, kuma injin macOS ya fi na Linux tsada nesa ba kusa ba, don haka a can sai ka rage yawan kunna shi. Don sauke ainihin sigar Qt da kake so a kan injin, `aqtinstall` yana yi ba tare da ka zauna danna maɓallai ba.

Gina da siga biyu: mafi ƙarancin da ka yi alkawari a mataki na 2, da kuma mafi sabunta. Ta farko tana kama ka idan ka yi amfani da sabon abu ba ka sani ba. Ta biyu tana gaya maka abin da ke tafe.

Ka kuma sa ya riƙa tashi da kansa sau ɗaya a mako ko da ba wanda ya taɓa komai, tunda abin da ke karya misali sau da yawa daga waje yake zuwa. Hattara a nan: GitHub yana dakatar da irin wannan aiki mai jadawali idan buɗaɗɗiyar ma'ajiya ta yi kwana 60 ba motsi. Ma'ajiyar misalai kuwa ita ce ta fi kowace yin shiru, sai ka ga mai gadin ya yi barci a daidai lokacin da aka fi buƙatarsa.

6. Harhaɗuwa ba tashi ba ce

Misali yana iya harhaɗuwa tsaf, ya faɗi da zarar an kunna shi, ko ya buɗe taga amma maɓallinsa ba ya komai. Tsohon salon `SIGNAL()` da `SLOT()` shi ne ya fi yin wannan. Sunayen rubutu ne kawai a wurin kwamfaila, ba ta duba su, sai an kunna manhajar ne gargaɗi zai fito a tasha cewa babu aiki mai wannan sunan, taga kuma ta buɗe abinta kamar babu abin da ya faru. Shi ya sa ya kamata ka mayar da duk misalanka salon da ke sama, mai `&QPushButton::clicked`, wanda ya samu tun Qt 5.

Injin gwaji ba shi da allo, don haka a Linux ka kunna misalan ƙarƙashin Xvfb, wanda ke kwaikwayon allo a ƙwaƙwalwa:

```
QT_FATAL_WARNINGS=1 xvfb-run -a timeout 10 ./taga_ta_farko
```

`QT_FATAL_WARNINGS` yana sa duk wani gargaɗi ya kashe manhajar nan take. Shi kuma `timeout` yana rufe ta bayan daƙiƙa 10, ya dawo da lamba 124. To a wannan gwajin 124 ita ce nasara, ma'ana manhajar ta rayu har aka zo aka rufe ta. Duk wata lamba daban abin dubawa ce. Na fi son wannan hanyar a kan cusa wa misalin wani `QTimer` da zai rufe shi, domin kod ɗin gwaji a cikin misali yana rikita mai koyo, ya ɗauka wani ɓangare ne na darasin. A GTK, `G_DEBUG=fatal-warnings` ne takwaransa.

Hattara: za ka ga ana ba da shawarar `QT_QPA_PLATFORM=offscreen` maimakon Xvfb. Yana aiki, amma shi kansa yana fitar da nasa gargaɗin game da abubuwan da ba ya iya yi, idan ka haɗa shi da `QT_FATAL_WARNINGS` zai kashe misalan da ba su da laifi.

Idan misalanka na Python ne, da PyQt ko PySide, wannan matakin ya fi zama dole, tunda babu kwamfaila kwata-kwata. A PyQt6, `Qt.AlignCenter` ya koma `Qt.AlignmentFlag.AlignCenter`, kuma `QAction` ya tashi daga QtWidgets ya koma QtGui. Na biyun zai bayyana da zarar an kunna, amma na farkon yana iya ɓoyewa a cikin aikin da ba ya gudana sai an danna wani maɓalli. Don haka a Python ka ƙara da `pytest-qt` ya riƙa danna maɓallan.

7. Saurari gargaɗin tsufa

Ba a cire abu daga Qt ko GTK rana tsaka. Ana fara yi masa alamar cewa ya tsufa, kwamfaila ta riƙa gargaɗi, sannan a babbar siga ta gaba a cire shi. Waɗanda sauyin Qt 6 ya fi wahalarwa su ne waɗanda suka yi shekaru suna ganin gargaɗin suna wucewa.

A ginin da kake yi da sabuwar siga, ka ƙara `-Werror=deprecated-declarations` idan GCC ko Clang ne, don gargaɗin ya zama kuskure. Idan yanzu ne kake ƙaura daga Qt 5, fara da gina komai a 5.15 tare da `QT_DISABLE_DEPRECATED_BEFORE=0x050F00`, ka share duk abin da ya fito, sannan ka tsallaka. Masu GTK kuma su sani cewa a 4.10 an yi wa `GtkTreeView` da `GtkDialog` wannan alamar, to darasin da ke koyar da su a yau yana koyar da abin da ke kan hanyar fita.

Idan kiɗa ya canja, rawa ma sai ta canja, kuma a nan ne inji ba zai taimake ka ba. Ka gyara kod, amma sakin layin da ke ƙasansa yana nan yana bayanin tsohon aikin da ka cire. Duk lokacin da ka taɓa wani yanki mai alama, nemo sunan alamar a cikin darussa, ka karanta abin da ke kewaye da shi. Gyaran kod da gyaran bayani su tafi tare a turi ɗaya.

8. Hotunan allo

Hoto yana tsufa da sauri, kuma mai koyo yana yarda da hoto fiye da rubutu. Idan tagarsa ba ta yi kama da ta hoton ba, zai tsaya yana neman kuskuren da babu shi. Rage yawansu, ka bar waɗanda suka zama dole. Waɗanda suka rage, ka ɗauke su da salo ɗaya, misali `-style fusion` wanda ke fitowa kusan iri ɗaya a ko'ina, ka kuma rubuta a ƙasan hoton a kan wane tsari aka ɗauka. `QWidget::grab()` yana iya ɗaukar hoton da kansa ya ajiye, amma ba ya haɗawa da kan tagar mai ɗauke da maɓallan rufewa.

9. Abin da ke bambanta tsakanin tsari da tsari

Inji zai gaya maka misalin ya tashi, ba zai gaya maka darasin ya faɗi gaskiya ba. Jimla irin "za ka ga jerin zaɓi a saman tagar" ƙarya ce a macOS, inda jerin ke komawa can saman allo, har ma Qt ya kwashe zaɓin fita da na bayanin manhaja ya kai su ƙarƙashin sunan manhajar. Misalin da ke ajiye taga a wani takamaiman wuri da `move()` yana aiki a Windows da X11, tsohon tsarin allo na Linux, amma a Wayland, sabon tsarin, manhaja ba ta da ikon zaɓar inda tagarta za ta zauna. GTK 4 ma cire `gtk_window_move` ya yi gaba ɗaya. Ga gajerun hanyoyin madannai, yi amfani da `QKeySequence::Save` da ire-irensa maimakon rubuta haɗin maɓallan da hannu.

Duk misalin da ke karanta ko rubuta fayil ɗin rubutu, gwada shi da kalmomi masu ƙ da ɗ da ɓ. A Qt 5, `QTextStream` yana bin tsarin baƙaƙen kwamfutar da yake kai, a Qt 6 kuma UTF-8 yake ɗauka kai tsaye. Da baƙaƙen Turanci zalla ba za ka taɓa ganin wannan bambancin ba.

10. Lasisi, a taƙaice

Misali don a kwafa aka yi shi. Sa masa lasisi mai sassauci, ka rubuta a saman kowane fayil, domin fayil ɗaya mutum zai ɗauka ba duka ma'ajiyar ba. Misalan Qt na kansa suna ƙarƙashin BSD mai sharuɗɗa uku, ko da yake shi Qt ɗin nasa lasisin daban ne. Layi ɗaya na SPDX, wato gajeriyar alamar da ke faɗin sunan lasisi, ya wadatar.

11. Zauna a kujerar mai koyo

Duk lokacin da sabuwar siga ta fito, wanda a Qt kusan sau biyu ne a shekara, ware yini ɗaya. Ka tayar da kwamfutar kwaikwayo sabuwa fil, wadda ba a taɓa saka mata komai ba, ka bi darasin farko daga layin farko, kana yin abin da aka rubuta kawai, ba abin da ka sani ba. Kwamfutarka ta yau da kullum ba ta da amfani a nan, domin ta cika da abubuwan da ka saka tun bara ka manta. A nan ne za ka gano cewa darasin bai taɓa cewa a saka CMake ba, ko kuma a Ubuntu sai an saka `qt6-base-dev` kafin `find_package` ya ga Qt.

Ya fi kyau ma ka ba wani wanda bai san Qt ba ya bi, kai kuma ka zauna a gefe ka kame bakinka, kana rubuta duk inda ya tsaya. Kamewar bakin ita ce mai wuya. A wannan yinin kuma ka kunna `linkcheck` na Sphinx, ko makamancinsa, ya bi mahaɗan waje ya fito da waɗanda suka mutu.

Idan mai koyo ya kawo ƙorafi, kafin ka fara gyara ka tambaye shi abu uku: sigar Qt, tsarin kwamfutarsa, da kuma daga ina ya kwafi kod ɗin. Idan ƙorafin gaskiya ne, bayan ka gyara ka koma mataki na 5 da na 6 ka duba dalilin da ya sa injin bai kama shi ba, ka ƙara wannan gwajin a ranar.